Salon Magana da Sara a Turanci: Sharhi a kan Littattafan Koyarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da Turanci ya san akwai babi guda wanda almajirai su ke ɗoki a kansa fiye da sauran, watau babin da a ke jera maganganun nan masu ban mamaki, irin su "to kick the bucket" da "to rain cats and dogs", ko wace da fassararta a gabanta. Yaro ya haddace ashirin yau, gobe ya zuba biyar a cikin insha'i guda, ya koma gefe yana jin ya kama Turanci a hannu. Nufina a wannan 'yar takarda in duba littattafan da suka gadar mana da wannan hanya, in nuna abin da su ke ba mai koyo da abin da su ke tauye masa. Ra'ayina kuwa, gara in faɗe shi tun da wuri, shi ne ma'anar irin wannan magana ita ce mafi ƙanƙanta cikin abubuwan da mai koyo ya ke bukatar sani game da ita, ga shi kuwa ita kaɗai yawancin littattafan su ke bayarwa.

Abu biyu ne a nan, waɗanda littattafai su kan cuɗa su wuri ɗaya. Na farko shi ne abin da Turawa su ke kira "idiom", mu kuwa za mu ce salon magana: kalmomi biyu ko fiye da suka haɗu suka daskare, har ma'anarsu ta daina fitowa daga ma'anar ɗaiɗaikunsu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Baƙon da ya san fari, ya kuma san jini, har yanzu bai san farin jini ba. Na biyu shi ne "slang", watau sara: kalma ko magana wadda wani rukunin mutane, galibi samari, su ke ƙagowa su yi yayinta, kamar yadda yaranmu su kan ce abu ya haɗu, ko wane ya ɗauki wanka. Salon magana ya kan yi shekaru ɗaruruwa yana nan yadda ya ke. Sara kuwa sau da yawa tana tsufa tun waɗanda suka ƙago ta ba su yi furfura ba.

Hanyar jeri tsohuwa ce. Littafin W. McMordie mai suna English Idioms and How to Use Them ya fito tun 1909, R. C. Goffin ya gyara shi a 1954, Jennifer Seidl ta sāke masa fasali a 1978. A makarantunmu kuwa wanda ya fi shiga hannun yara shi ne First Aid in English na Angus Maciver, mai jerin kamance da karin magana shafi bayan shafi. Jerin da a ke yaɗawa yau a wayoyin hannu, maganganu goma da wai za su mai da bakinka kamar na ɗan ƙasa, jikokin waɗannan ne, sai dai ba su gāji kulawar kakannin ba. Ba na raina aikin McMordie da Seidl. Sun ba da wuri mai faɗi ga aikatau da ƙananan kalmomin da ke binsa, abin da zan nuna a gaba shi ne ƙashin bayan al'amarin. Amma abin da malamai suka tsinta daga cikinsu suka kai aji shi ne ɓangaren ƙawa, na dabbobi da launuka da gaɓoɓin jiki, domin shi ne mai daɗin koyarwa, shi ne kuma mai sauƙin sa wa maki.

Bari mu ɗauki misali guda mu tsaya a kansa. Jeri ya ce "to kick the bucket" ma'anarsa mutuwa. Gaskiya ne, ba mai musu. To, amma a Hausa ma hanyoyin faɗin mutuwa suna da yawa, ko wace da mazauninta. Mu kan ce wane ya rasu, ko Allah ya yi masa rasuwa, ko ya riga mu gidan gaskiya. A kan ce ya mutu, wannan ya fi waɗancan kaushi. Sa'an nan can ƙasa akwai ya sheƙa barzahu, da ya ce ga garinku nan, waɗanda ba mai hankalin da zai furta su a zauren makoki. Duka ma'anarsu ɗaya, amma wanda ya musanya ta farko da ta ƙarshe ya ci mutuncin mamaci da danginsa. Haka abin ya ke a Turanci. Mai ta'aziyya ya kan ce "passed away", jarida ta ce "died", shi kuwa "kick the bucket" tsararsa ita ce sheƙa barzahu. Tun a 1785 Francis Grose ya sa shi a cikin ƙamus ɗinsa, A Classical Dictionary of the Vulgar Tongue, wanda ya tattara maganar ɓarayi da matuƙan jirgin ruwa da mashaya. Yaron da aka ba shi wannan magana da fassarar kalma ɗaya, in ya rubuta wa shugaban makaranta takardar neman izini ya ce kakansa ya "kicked the bucket", ba shi ne da laifi ba. Abin da littafi ya gaya masa ya bi, littafin ne bai gaya masa wa ke faɗin haka ba, ga wa, a wane wuri.

Abu na biyu da jeri ya ke ɓoyewa shi ne yawan aukuwa. A shafin littafi ko wace magana layi ɗaya ta ke ci, sabo da haka mai koyo ya kan zaci duk nauyinsu ɗaya a bakin masu harshen. A da ba a da hanyar auna wannan sai da kunne. Da kwamfuta ta zo aka iya tara rubuce-rubuce masu yawa a ƙidaya. Rosamund Moon, a littafinta Fixed Expressions and Idioms in English na 1998, ta bi sawun daskararrun maganganu sama da 6,000 a cikin taskar rubutu mai kalmomi kimanin miliyan 18, ta tarar mafi yawansu ba su kai sau ɗaya a cikin kalma miliyan ba. Kalma miliyan kuwa ta kai littattafan labari goma masu kauri. Watau mutum zai iya karance su duka bai gamu da maganar da ya sha bulala a kan haddarta ba. Lalle taskar tata rubutu ne ya fi yawa a ciki, hira kaɗan ce, amma duk da haka darasin a fili ya ke: waɗanda suka fi ƙawa a cikin jeri suna daga cikin waɗanda a ke yi wa doguwar jira kafin a ji su.

Labarin "to rain cats and dogs" ya isa abin lura. Malaminmu ya kan fassara shi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya ga ya dace tsaf. A ma'ana ya dace, a rayuwa bai dace ba. Ruwa kamar da bakin ƙwarya magana ce mai rai, tsoho da yaro suna faɗinta ko wace damina. Ta Turancin kuwa ta daɗe da gajiya. Jonathan Swift ya sa ta a cikin Polite Conversation, wanda aka buga a 1738, littafin da ya shirya musamman don ya yi wa manyan London ba'a a kan maganganun da suka tauna har suka salance. Ashe abin da aka yi wa dariya sabo da tsufa kusan shekara 300 da suka wuce shi mu ke miƙa wa yara a matsayin sabon ado. Mutumin Ingila in ya leƙa taga ya ga ruwa ya tsuge, abin da ya fi saurin zuwa bakinsa shi ne "it's pouring".

Na uku ya shafi nahawu, nan ne kuma ilmin harshe ya ke da abin faɗi wanda bai kai ga littattafan makaranta ba tukuna. Salon magana ba duka ne daskarewarsu ɗaya ba. Geoffrey Nunberg da Ivan Sag da Thomas Wasow, a wata maƙala da suka buga a mujallar Language a 1994, sun raba su gida biyu. Akwai waɗanda ko wane ɓangare nasu yana riƙe da wani yanki na ma'anar. A "spill the beans" zubarwa ita ce bayyanawa, waken kuwa shi ne asirin, don haka a kan iya juya jimlar a ce "the beans were spilled", ma'ana ba ta ɓata ba. Akwai kuma waɗanda ma'anar ta hau kansu dunƙule, ba ta rabuwa. In ka ce "the bucket was kicked" ka koma maganar bokiti na gaske da ƙafa ta gaske. Mai jin Hausa zai gane wannan nan da nan in an nuna masa da harshensa. Mu kan ce ya fasa ƙwai, an fasa ƙwai, ƙwan da ya fasa jiya ya ta da ƙura, duk suna tafiya. Amma ga garinku nan ba ta karɓar taɓi. Ba a cewa ga ƙauyenku nan, ba a cewa garin da ya ce ga shi. Jerin da ya ba da maganar a siffa ɗaya tak, da "to" a gabanta, ya bar mai koyo cikin duhu game da inda za ta lanƙwasu da inda za ta karye.

A maimakon waɗannan abubuwa uku, me littattafan su kan cika gurbin da shi? Tatsuniyar asali. Wai "posh" ta fito ne daga haruffan da a ke rubutawa a tikitin jirgin ruwa mai zuwa Indiya, wai karnuka da kyanwoyi su kan faɗo daga rufin ciyawa in an yi ruwa. Masu binciken asalin kalmomi ba su sami shaidar ko ɗaya daga cikin biyun nan ba. Wanda ya ke so ya ga yadda a ke wannan aiki da gaske ya dubi abin da Allen Walker Read ya yi a kan "O.K." a 1963 da 1964, inda ya bi tsofaffin jaridu har ya kai ga Boston Morning Post ta ran 23 ga Maris 1839, lokacin da a ke yayin taƙaita kalmomi da gurɓata rubutunsu don wasa. Ko da labarin asali ya tabbata ma, amfaninsa ga mai koyo kaɗan ne. Bahaushe nawa ne ya san dalilin da ya sa a ke cewa baƙin ciki, ga shi kuwa ba ya kuskuren wurin faɗinsa?

To, in waɗannan masu ƙawa ba su ne ainihin abin ba, ina ya ke? Yana cikin kalmomin da ba mai waiwayarsu. Samuel Johnson ya lura da haka tun a gabatarwar ƙamus ɗinsa na 1755, inda ya nuna cewa aikatau da a ke liƙa wa ƙaramar kalma a baya shi ne ya fi wahalar da baƙi. Dubi "put". Da "off" ya zama ɗage abu zuwa wani lokaci, da "up with" ya zama haƙuri da abu, da "out" ya zama kashe wuta, da "down" ya kan zama wulakanta mutum ko rubuta abu ko kashe dabbar da ciwo ya ci ƙarfinta. "Make up" kaɗai tana nufin ƙaga labari, da shiryawa bayan faɗa, da kwalliyar fuska, da cike gurbi. Waɗannan ba sau ɗaya a cikin miliyan su ke zuwa ba, da ƙyar za ka karanta shafi guda ba ka ci karo da su ba. Wanda ya buɗe ƙamus na Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 ya duba ƙarƙashin ci da sha zai ga ɗan'uwan wannan a Hausa: ci amana, ci bashi, ci gaba, ci fuska, ci sarauta, sha wahala, sha iska, sha kashi, sha alwashi. Baturen da ya haddace karin magana ɗari biyar amma bai iya ci da sha ba, ba wanda zai ce ya iya Hausa. Mu kuwa mun juya abin a Turanci, mun riƙe reshe mun saki tushe.

Waɗanda suka fara gane wannan sosai malamai ne da suka koyar da baƙi a ƙasar baƙi. Harold Palmer, yana aiki a Tokyo, ya fitar da rahoto a 1933 a kan kalmomin Turanci masu tafiya tare, waɗanda dole a koye su a haɗe. Abokin aikinsa A. S. Hornby, tare da Gatenby da Wakefield, ya buga Idiomatic and Syntactic English Dictionary a can Tokyo a 1942, wanda Oxford ta sāke bugawa a 1948, shi ne kuma ya zama Advanced Learner's Dictionary da ke kan teburin ko wane malami. A lura da kalmar farko ta sunansa na asali. Abin da Hornby ya ke nufi da ita shi ne yadda masu harshe suka saba haɗa kalmominsu na yau da kullum, bai nufi karnuka da kyanwoyi ba. Haka kuma da A. P. Cowie da Ronald Mackin suka shirya Oxford Dictionary of Current Idiomatic English, juzu'in farko, na 1975, kacokan a kan aikatau da ƙananan kalmominsa ya ke, sauran salon magana sai a juzu'i na biyu a 1983. Wannan jeri na gaba da baya shi ne daidai, shi ya kamata manhajar kwalejojin horon malamai ta bi.

Nan ne kuma harshen uwa ya ke shigowa da ƙarfinsa. Bahaushe yana da yi guda ɗaya, Turanci ya raba ta biyu, "make a mistake" amma "do the work", ba kuwa wata ƙa'ida da za ta fisshe ka sai sabo. Muna shan magani, muna shan taba, muna shan ruwa, su kuwa "take" da "smoke" da "drink". Muna jin magana, muna jin ƙanshi, muna jin sanyi, muna jin Larabci, duk da ji ɗaya, shi ya sa yaro ya kan rubuta "I hear a smell". Akwai kuma maganganun ladabi, waɗanda su ne suka fi ko wane salon magana yawo a baki, amma ba su cika samun shiga jeri ba don ba su da dabba ko launi a ciki. "I'm afraid" ba tsoro a cikinta, share fage ce ta labari marar daɗi. "With all due respect" alama ce cewa musu na tafe. "Not bad" a bakin mutumin Ingila ta kan zama yabo, "quite good" kuwa ta kan zama yabo mai sanyi, alhali a Amurka ta fi haka zafi. Mu da mu ke amsa gaisuwar majiyyaci da cewa da sauƙi ko da jikin ya tsananta, bai kamata irin wannan ya ba mu mamaki ba. Sai dai a nuna mana.

Game da sara maganata gajeriya ce, domin littafi da sara ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Kafin a tattara, a shirya, a buga, a kawo kasuwa, masu ita sun yi gaba. Eric Partridge ya buga babban ƙamus ɗinsa na sara a 1937, aka yi ta ƙara masa har bayan rasuwarsa, amfaninsa kuwa ga mai nazarin tarihin harshe ne da mai karanta tsofaffin littattafai. "Groovy" ta yi ƙarfi a shekarun 1960, yau sai don ba'a. Oxford ta zaɓi "rizz", watau iya jan hankalin wanda a ke so, a matsayin kalmar shekarar 2023, ba kuwa mai iya lamunce mata shekara goma. Waɗansu su kan tsira. Swift ya yi kuka da "mob" a 1710 yana ganinta ɓarnar harshe, yau tana cikin hukuncin alƙalai. "Cool" ta fito daga bakin makaɗan jaz baƙaƙen fatar Amurka a shekarun 1940, har yanzu ba ta kwanta ba. Amma ba mai sanin wadda za ta tsira sai bayan ta tsira.

Babban abin ma shi ne aikin da sara ta ke yi. Alama ce ta 'yan gida, da ita su ke gane junansu su ɓad da bami. Sarar Cockney ta gabashin London, inda "loaf of bread" ta ke tsaya wa "head" don amon ƙarshensu ɗaya, sa'an nan a yar da rabin a ce "use your loaf", ba ta da nisa da zaurance a wajen manufa. Samarin Ingila su kan ce abu "wicked" ne ko "sick" suna nufin ya yi kyau matuƙa, kamar yadda namu su kan yaba gwani su ce shege ne. Wanda ya ji wannan ya ɗauka zagi ne ya yi hasara, don haka sanin sara yana da amfani. Amma a tuna da baƙon da ya koyi Hausarsa a tasha ya je gaban hakimi da ita. Ko da bai yi kuskuren nahawu ko ɗaya ba, fadawa za su dube shi. Shawarata ita ce a koyar da sara don kunne, a bar baki ya jira har mai koyo ya zauna da masu ita, su da kansu su ba shi.

Kada a ce na yi wa littattafan rashin adalci. Na baya-bayan nan sun gyara da yawa. Collins COBUILD Dictionary of Idioms na 1995 daga taskar rubutu aka ciro misalansa, ya kuma sa alama ga maganganun da suka fi yawan aukuwa. English Idioms in Use na Michael McCarthy da Felicity O'Dell, na 2002, ya kan sa magana a cikin hira ko ɗan labari, ya kuma yi gargaɗi a kan wadda ba ta dace da rubutun hukuma ba. Har wa yau akwai hujja mai ƙarfi ta koyar da masu ƙawan nan, ita ce karatun jarida. Moon ta lura 'yan jarida sun fi kowa son su, kuma sau da yawa ba su kawo su cikakku, su kan gutsure su ko su murɗa su don wasa. Marubuci zai ce "the last straw" ko "a silver lining" ya wuce, ya bar mai karatu ya cika sauran, kamar yadda mu kan ce sai bango ya tsage mu yi shiru. Wanda bai san cikakkiyar ba, ba zai gane gutsuren ba. Sabo da haka a koyar da su, amma a gaya wa yaro gaskiya: waɗannan na ganewa ne in ka gamu da su, in za ka yi amfani da su kuwa, ɗaya ta isa a takarda guda. Abin da ke hana wannan gyara isa aji shi ne irin tambayar jarrabawa, inda a ke ja layi a ƙarƙashin magana a ce zaɓi ma'anar da ta fi kusa daga cikin huɗu. Muddin ma'ana kaɗai a ke tambaya, ma'ana kaɗai za a koyar. Da za a riƙa tambaya wa zai faɗi wannan, ga wa, da malamai sun sāke hanya cikin shekara guda.

Saura tambaya guda wadda littattafan Ingila ba su da ikon amsa mana: salon maganar wa mu ke koyarwa? Turanci ba ɗaya ba ne ko tsakanin masu shi. Winston Churchill ya ba da labari a tarihinsa na Yaƙin Duniya na Biyu yadda hafsoshin Ingila da na Amurka suka yi doguwar gardama a kan "to table" wata takarda, su na Ingila suna nufin a kawo ta a tattauna yanzu, na Amurka suna jin a ajiye ta gefe, alhali duk abu ɗaya su ke so. Nijeriya ma ta yi nata. Mu kan ce "more grease to your elbow" inda Ingila ta ke cewa "more power", mu kan yanka riga daidai "size" inda su ke cewa "cloth". "Well done" a bakinmu sannu da aiki ce, a can kuwa yabo ne bayan an gama, galibi daga babba zuwa ƙarami. David Jowitt ya tattara irin waɗannan da yawa a Nigerian English Usage na 1991, a watan Janairu 2020 kuma Oxford English Dictionary ya shigar da kalmomi da maganganun Nijeriya 29, cikinsu har da "Kannywood" da "next tomorrow" da "ember months" da "put to bed" da ma'anar haihuwa. Malamin da ya ja wa waɗannan jan layi ya ce kuskure ne ya makara. Wanda kuma ya bar yaro bai san iyakar ƙasarsu ba ya cuce shi, domin matar da aka ce ta "put to bed" a London, yaro ta kwantar ya yi barci. Abin da ya wajaba shi ne a rubuta wa ko wace magana garinsu a gefenta.

Duk littattafan da na ambata an rubuta su ne don baƙo ko wane iri, Bajapane da Balarabe da Bafaranshe, don haka ba wanda zai iya sanin ramin da Bahaushe kaɗai zai faɗa. Muna da Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner tun 1965, da An English-Hausa Dictionary na Roxana Ma Newman na 1990, amma ƙamus aikinsa daban, ba shi da filin yin gargaɗi a kan ko wace magana. Wannan aiki na sassan Hausa ne da malaman kwalejoji, su da su ke jin harsunan biyu, su ke kuma ganin takardun yara ko wane mako. Su ne za su san cewa "bad blood" gaba ce tsakanin mutum biyu, ba ta da dangantaka da baƙin jini, kuma "to eat one's words" ita ce lashe amai. Ga yadda na ke ganin shigarwa guda za ta kasance a irin wannan littafi. A rubuta "to pull someone's leg", a ce zolaya ce, a gaya wa mutum abin da ba haka ba don wasa. A ce tsakanin abokai da tsara a ke faɗinta, Ingila da Amurka duka sun san ta, ta fi zuwa a siffar "you're pulling my leg", ƙafar kuwa ɗaya ce kullum, ba a cewa "legs". Sa'an nan a ƙara layi guda don Bahaushe: wannan ba jan ƙafa ba ce, jan ƙafa a Turanci "to drag one's feet" ne.